Murhun Motar Kawu

Har yau in na ji ƙaurin fata, ko da wajen masu babbakar kai da ƙafa ne a bakin kasuwa, sai in waiwaya kamar akwai kaya a bayana. 'Ya'yana dariya suke yi mini. Ba su da laifi, ba su san motar ba, kuma kakansu na wajen uwa, wanda littattafansa ne abin ya shafa, har ya koma ga Allah bai taɓa ba su labarin ba. Ni na yi ɓarnar, don haka ni ya kamata in faɗa.

A shekarun da ake gina madatsar ruwan Bakolori ni direba ne. Ina jan a-kori-kurar kawuna, yayan mahaifiyata, mai fataucin hatsi da albasa a Talata Mafara. Kai, wanda bai ga Mafara a lokacin ba bai ga gari ba! Turawan aikin suna yawo da gajeren wando, fuska ja wur saboda rana. Katafila na wucewa ƙasa na rawa. Leburori daga ko'ina, masu shayi sun kafa tebur a kowace kusurwa, burodi har ya zama abin karin kumallon talaka. Kowa yana da inda za shi, kuma mu ne masu kai shi. Da safe in yi Maradun in leƙa ƙauyen Kaya, da rana in yi Bakura, ranar Talata kuwa in yi ta jigilar 'yan kasuwa daga Morai da Garbadu har ƙafata ta yi tsami. Ga ni sabon ango, ga agogo a hannu, ga baƙin tabarau. In na danna ham a bakin tasha ji nake kamar da ni aka yi shawarar tare gulbin.

Motar shuɗiya ce, sabuwa dal Kawu ya ɗauko ta daga wani kamfani a Gusau. Irinta ba ta daɗe a ƙasar nan ba, kuma ba zan faɗi sunanta ba, don masu ita sun yi nasu ƙoƙari, mu ne muka ƙi ji. A baya tana da benci biyu na katako da rumfar tamfol. Tana da kuma wani abu da babu motar da ke da shi a tashar: a kusurwar dama, dab da gidan gaba inda direba ke zama, daɓen bodin yana ɗaukar zafi. In aka yi 'yar tafiya sai wurin ya yi ɗumi, in tafiyar ta yi nisa ba ka iya ɗora tafin hannu. Tukunyar salansa ce ke ƙarƙashin, an ɗaure ta kusa da ƙarfen daɓen ƙwarai, hayaƙin inji na bi ta cikinta da zafinsa. Na san haka sarai. Abin da ban sani ba shi ne wai aibi ne.

Mu dai albarka muka ɗauke shi. Fasinjoji suka sa wa wurin suna murhu. Lokacin ɗari tsofaffi har cacar baki suke yi a kansa, kowa na son ya miƙe ƙafa a wurin. Akwai wani dattijo a Morai mai ciwon gwiwa, shi kam yakan biyo ni Mafara ya koma ba tare da ya sayi ko allura ba, wai ya zo gashi. Matan da mazansu ke aiki a dam sukan ba ni kwanon tuwo a ɗaure cikin ƙyalle, in jera a murhu, ya isa bakin aiki yana tururi. Direbobin tasha suna jin haushi, ni kuwa ina ƙara musu. Nakan ce, "Ku motocinku mutum kawai suke ɗauka, tawa har jinya take yi."

Surukina malami ne. Gidansu tun kakanni gidan karatu ne, a wani ɗan ƙauye a bakin gulbi kusa da tsohuwar Maradun, cikin garuruwan da aka ce ruwan dam zai ci in an rufe. Bai da shanu, gonarsa ma 'yar ƙarama ce. Dukiyarsa gafaka tara ce, wato jakunkunan fata masu ɗauke da littattafan hannu, warƙa-warƙa, ba a ɗinke ba. Mahaifinsa ne ya kwafe su da alƙalaminsa, na fiƙihu da na nahawu da sauransu. Tsohon yana da wata ɗabi'a: a ƙasan kowace warƙa yakan bar fili mai faɗi, nan yake rubuta abin da ya ji daga bakin malamansa da abin da shi kansa ya gano, da 'yan ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa. Matata ta ce tun tana ƙarama take ganin Malam in karatu ya cije masa sai ya kai yatsa ƙasan takardar, ya ce bari ya tambayi baba. Ni ban taɓa zama kusa da zan gani ba. Tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai: in na hango shi sai in cire takalmi, in durƙusa nesa, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi in ba shi wuri.

Wata rana takarda ta zo wa Kawu daga kamfanin, da Turanci. Muka kai wa wani malamin firamare maƙwabcinmu ya karanta. Ya ce kamfanin na kiran duk wanda ya sayi irin wannan mota ya mayar da ita Gusau. Sun gano salansarta na gasa daɓen bodi, zafin na iya kama kaya ya ta da gobara. Za su sa wani farantin ƙarfe tsakanin salansar da daɓen ya tare zafin, kuma kyauta ne. Ya ƙara da cewa sun ja kunne kada a ɗora busasshen abu a wurin kafin a gyara.

Kawu ya karɓi takardar ya juya ta, ya yi wata 'yar dariya. Ya ce, "Ciniki ya faɗa tun bara. Na taya, sun sallama, anka yi musafaha gaban shaidu. Yanzu kuma mi suke biɗa?"

Malamin ya ce, "Alhaji, gyara za su yi maka."

"Kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa, malam."

Dole in yi wa Kawu adalci a nan. A wurinmu in ka sayi jaki ko sa, kai ne za ka duba haƙori da kofato kafin a sallama. Da an sallama an gama. In ka ga mai dabba ya biyo ka gida bayan kwana biyu yana cewa a dawo da ita, to ya samu wanda ya fi ka tayi, ko kuma ya yi nadama yana neman warware ciniki. Kawu tun yana saurayi yake kasuwa, bai taɓa ganin mai kaya ya bi mutum don ya tona aibin kayansa da bakinsa ba. Sai ya yanke cewa sun gano injin motar ya fi ƙarfin yadda suka sayar, suna so su cire shi su sa mana tsoho.

Ni kuwa maimakon in kwantar, sai na zuba fetur. Na ce, "Kawu, murhun suke so su kashe mana. Wa ya sani ko direbobin tasha ne suka kai ƙara?" Gaskiyar magana ita ce ba na son in rasa abin da nake taƙama da shi. Kawu ya ninke takardar ya cusa a ƙarƙashin shimfiɗa, maganar ta mutu.

Ba su haƙura ba. Bayan 'yan watanni suka aiko bakanikensu ranar kasuwa, wani siriri mutumin kudu mai jin Hausa rau, yana bi tasha-tasha da littafi yana neman motocin da ba a kai ba. Da na ji labari sai na sulale na yi Morai, na ajiye motar a bayan rumbunan wani abokina har la'asar sakaliya. Da na dawo ashe bai tafi ba, yana zaune a teburin mai shayi yana jirana. Ya taso ya gaishe ni da ladabi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya nuna mini fentin wurin da ya riga ya yi baƙi ya kumbura.

Ya ce, "Direba, dubi nan. Wallahi wata rana za ta kama. Aikin bai fi awa guda ba, ka kawo ta."

Na ce, "Shekara guda nake janta, ko tsinke ba ta ƙona ba. Ka gaida mutanen Gusau."

'Yan tasha suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ya dube ni ya girgiza kai, ya rubuta wani abu a littafinsa ya tafi. Na ji kaina ya ƙara girma ranar.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, matata. Ita takalminta na roba ya taɓa narkewa a wurin, ranar da na kai ta ganin gida. Da na ba ta labari ina fankama sai ta ajiye muciya ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Murhun da ba a iya janye wa itace, ina amfaninsa? Wanda ya ƙera abu ya ce yana da cuta, kai ka ce lafiyarsa ƙalau?" Na ce mata ta tsaya a tuwo, mota sai direba. Ta ce, "To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Na fice ina huci.

Sai lokacin tashi ya zo. Aka ce mutanen bakin gulbi su kwashe kafin damina ta kankama, don za a rufe ruwa. Yawanci sun koma sabon matsuguni a kan tudu, amma Malam ɗalibansa na Bakura sun ba shi gida, ya zaɓi can. Kawu ya ce in ajiye haya kwana uku in yi wa surukina aiki. Ban taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba. Mutane na kwance gidajen da aka haife su a ciki, ana zare azara daga rufi don a tafi da ita, tsofaffi na zagaya maƙabarta suna sallama da iyayensu. Wata tsohuwa ta rungume bishiyar tsamiyar ƙofar gidanta tana yi mata magana. Na kwashe matan gidan Malam da yara da tukwane a rana ta farko, hatsi da azara a rana ta biyu. Malam ya ce shi da littattafai su ne ƙarshen fita.

A ranar ta biyu da yamma aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, ga ɗakin karatun an riga an zare masa rabin rufi. Malam ya lulluɓe gafakokin da bargonsa, duk da haka laima ta taɓa su. Da na iso da hantsi a rana ta uku na same shi tsugune yana shafa fatar, fuskarsa duk damuwa. Ya ce takarda in ta sha laima ta kwana a rufe sai ta manne, tawada ta bi ta, ga hadari na sake haɗuwa, ba halin shanya.

Nan ne wayona ya motsa. Shekara biyu ina auren 'yarsa ban taɓa yi masa wani abin a-zo-a-gani ba, yau ga dama ta samu. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, akwai wuri mai ɗumi a motar. In an sa su nan, kafin Bakura sun bushe."

Ya ce, "Ba ya cutarwa?"

Na ce, "Ko tuwo nan muke sawa."

Ban ambaci takardar kamfani ba, ban ambaci bakanike ba. Ba wai na manta ba ne, ina sane.

Littafi ba a ajiye shi inda ƙafa ke takawa, don haka na ɗebo busasshiyar ciyawa daga jinkar da aka kwance na shimfiɗa a murhun, na ɗora buzun Malam a kai. Da farko na so in ɗora gafakokin ɗaya bisa ɗaya, sai na ga ta ƙasa ce kaɗai za ta samu ɗumin. Sai na jera su a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, gindin kowace a kan buzun, don kada a bar wata a baya. Na tokare su da tabarmi da alluna, na ja tamfol na rufe ruf saboda ruwa. Ba wanda ya hau baya, don ba mai zama sama da littafi. Na tsaya na dubi aikina na ji daɗi.

Malam ya juya ya dubi kangon gidan ubansa, ya daɗe, sannan ya shiga gidan gaba. Wannan ne karo na farko da muka zauna kafaɗa da kafaɗa ni da shi. Na cire tabarau na cusa a aljihu. Ya ciro carbi ya kama wuridi ƙasa-ƙasa, ni kuma na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyo.

Hanyar ta lalace. Manyan motocin aikin dam sun dagargaza ta, ruwan jiya ya mai da ita taɓo. Tun daga bakin ƙauyen nake tafiya da giya ta ɗaya da ta biyu, inji na kuka. A wani kwari muka kafe. Na yi ta ba ta wuta, taya na juyawa a wuri ɗaya, na ja baya na yi gaba, na sake, har sai da wasu manoma suka zo suka tura mu. Duk direba ya san irin wannan wahala ce ke sa salansa ta yi ja. Ni ina can ina jin kunyar kafewa a gaban suruki, ban ko tuna da abin da ke bayana ba.

Mun wuce Mafara mun kama hanyar Bakura sai na fara jin wani ɗan wari. Na ce a raina ƙila taɓo ne ke bushewa a jikin inji. Can sai ya ƙaru. Zuciyata ta ce tsaya ka duba. Na saci kallon Malam, idonsa a lumshe, leɓɓansa na motsi. Yaya zan katse wa surukina wuridi, in ce masa me? In ce wurin da na ba shi tabbaci a kai ne nake shakka? Na ce bari ya kai ƙarshen carbin. Ya kai, ya sake kamawa daga farko.

Mutanen da ke shuka a gonakin bakin hanya suka riƙa ɗaga hannu, wasu har da gudu suna nuna mu. Kowa ya san motata a hanyar nan, kullum ana ɗaga mini hannu. Na ɗauka Malam suka hango suke gaisuwa. Wallahi har ham na danna musu.

Malam ne ya buɗe ido. Ya ce, "Ɗana, tsaya. Wagga fata ce ke ƙuna."

Na taka birki muka diro. Hayaƙi na tsattsafowa ta gefen tamfol, fari, mai kauri. Da na fizge tamfol ɗin iska ta shiga, ciyawar ta kama bal. Na suri galan ɗin ruwan lagireto zan watsa, sai na ji wata tsawa da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjin mutumin nan ba.

"Kada ka zuba! Tawada!"

Ya tura ni gefe ya sa hannu cikin wutar. Ɗaya bayan ɗaya yake fizgo gafakokin yana rungumewa a ƙirji, yana kashe gindinsu da rawaninsa da tafin hannu. Na taya shi ciro uku na ƙarshe. Manoman da suke ɗaga mana hannu suka iso suka yi ta watsa jiƙaƙƙiyar ƙasa a bodin har ta mutu. Motar ba abin da ta yi, in ban da baƙin tabo da benci guda da ya babbake.

Muka zauna a gindin wata bagaruwa. Tafin hannuwansa duk sun tashi, amma ko kallonsu bai yi ba. Ya kwance gafaka ta farko. Wutar ba da harshe ta ci su ba, a hankali ta yi ta cinsu daga ƙasa, tun ƙila muna cikin kwarin nan. Ta cinye buzun, ta huda gindin fatar, ta hau takardun kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Karatun da ke tsakiya yana nan lafiya. Filin ƙasa ne ya tafi, ya zama baƙin gefe mai marmashewa in an taɓa. Ya buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka. Duka tara, don na tabbatar kowace ta samu rabonta.

Ɗaya daga cikin manoman ya ce, "Alhamdu lillahi Malam, ai rubutun ya tsira."

Malam ya ce, "Awo, alhamdu lillahi." Sannan ya ce, kamar da kansa yake, "Wanda ya tsira akwai na bugu a kasuwa. Maganar babana ce ta tafi."

Nan kunya ta ƙare mini. Na durƙusa a gabansa ina kuka wiwi kamar ba magidanci ba, na faɗa masa komai: takardar, da bakaniken, da ɓoyon da na yi a Morai, da gargaɗin 'yarsa, da warin da na ji na yi shiru. So nake ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na samu sauƙi.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Mai sayarwa ya biyo ku har gida don ya gaya muku aibin kayansa, kunka guje shi? Ai wanga mai tsoron Allah ne. Da kun tambaye ni." Ya nisa. "Tashi, ɗana. Abin da Allah ya rubuta ba ya ƙonewa. Gobe ka kai musu motar, mutane kake ɗauka."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ranar da kuma bayanta. Matata ma da na isa gida ta ga hannun mahaifinta a naɗe, na jira ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Ta kawo mini ruwa ta koma ɗaki, kwana uku muryarta ba ta fito sosai ba. Kawu kuwa da kansa ya ɗaga shimfiɗa ya ciro takardar ya miƙo mini, bai iya haɗa ido da ni ba.

Washegari na tafi Gusau. Bakaniken nan na tarar a garejin. Ya dubi tabon, ya dube ni, ya tambaya ko an yi asarar rai. Na ce a'a. Ya ce to an gode Allah, ya ɗauko kayan aikinsa. Farantin bai fi faifai girma ba, noti huɗu ne suka riƙe shi. Na yi alwala na yi azahar, kafin in gama addu'a sun sauke motar. Injinmu yana nan inda yake, ba wanda ya ko buɗe shi.

Da ɗari ya zagayo tsofaffi suka yi ta mita wai motar ta mutu, an cire mata albarka. Dattijon Morai ya hau sau ɗaya, ya lalubi wurin da ƙafa ya ji sanyi ƙalau, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da mutanen Gusau. Da can da na biye masa mun yi ta raha. Ranar sai na ta da mota muka tafi.

Ruwa ya cika dam, ƙauyen ya nutse har da tsamiyar tsohuwar nan. Na ci gaba da tuƙi shekaru da yawa, na ja motoci iri-iri, kuma ina kewar zamanin har gobe: ƙamshin albasa a bodi, hayaniyar tashar Mafara ranar Talata, kwanonin tuwo masu tururi. Amma tun daga ranar, duk direban da na ji an kira motarsa gyara yana jan ƙafa, ni da shi ne. Sun sa mini suna sarkin naci, ban damu ba.

Malam ya rayu shekaru a Bakura yana karantarwa. Ya sa dukawa suka yi wa littattafan sababbin gafaka, ya bi warƙoƙin ɗaya-ɗaya ya datse baƙin gefen da aska don kada ya ci gaba da marmashewa. Abin da ya tuna na maganar mahaifinsa ya rubuta a wasu takardu daban, amma ya ce wa matata bai kai ɗaya cikin goma ba, don bai taɓa haddacewa ba, tunda kullum yana nan in ya duba.

Bayan abin ne na fara zama a zaurensa in na sauke fasinja, can baya kusa da takalma. Ban san me ya kai ni ba, ƙila so nake in ga abin da na yi. Wata la'asar wani magidanci cikin ɗalibansa ya yi tambaya mai wuya a kan rabon gado. Malam ya duƙa yana duban warƙar. Sai na ga yatsansa, mai tabon ƙuna, ya gangara ƙasa da kansa yadda ya saba tun yana yaro, ya wuce layin ƙarshe, ya zarce bakin takardar ya sauka a kan buzu. Ya bar shi nan ɗan lokaci.

Ya ce, "A nan baba ya ce wani abu. Ku ba ni zuwa gobe in yi tunani."

Na lalubi takalmina na fita, na zauna cikin mota, na daɗe ban tayar da ita ba.